Yadda ake sa wa mota, keke da babur tiraka, a kuma bi sawun ma'aikata ba tare da an ɓata da su ba

Ranar da aka sace babur ɗin da yaronmu yake zagayen karɓo kuɗin ruwa da shi, ko gezau ban yi ba. A ƙofar wani shago a Tunfure ya kafe shi, ya shiga ƙirga kuɗi, ya fito ya tarar wayam. Ya bugo min muryarsa tana rawa, na ce ya kwantar da hankalinsa, ai akwai tiraka a jiki, wato 'yar na'urar da ke nuna inda abin hawa yake. Na buɗe manhaja da gadarata. Taswira ta nuna min babur yana tsakar gidan ruwanmu, gindin dogon yaro, a ƙasa kuma ga ranar da na'urar ta yi maganarta ta ƙarshe: mako bakwai da suka wuce. Data ce ta ƙare a layin da ke cikinta, ba wanda ya lura. Na tura mata tes, ashe ko sisi babu a layin balle ta maido min da amsa. Har yau babur bai dawo ba.

Ina da ƙaramin gidan ruwan leda a Gombe, motoci uku da kekuna biyu, muna kai ruwa Kumo, Deba, Malam Sidi, wani lokaci har Bajoga. Abin da zan shimfiɗa a nan bayan waccan asarar na koye shi, wani a hannun masu wayarin mota, wani kuma da aljihuna.

Ka fara sanin abin da ke cikin ɗan akwatin

Aiki biyu tiraka take yi. Na farko sauraro. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda mallakar Amurka ne, suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200 suna watso sigina. Na'urar takan kama ta aƙalla taurari 4, ta lissafa inda take. Wannan kyauta ne, ba ruwansa da kati ko sabis. Sababbin na'urori suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai ko BeiDou na China, shi ya sa suke saurin gane wuri, kuma a fili kuskurensu bai cika wuce 'yan mitoci ba.

Aiki na biyu shi ne ta faɗa maka abin da ta gane, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ba ta iya aika wa tauraro komai. Da layin waya irin na aljihunka take tura bayanin zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ka yi rajista da shi, daga can ya faɗo wayarka. Baburina ya san inda yake ranar da aka ɗauke shi, bakin faɗa ne ba shi da shi.

Kafin ka je kasuwa

Ɗauki biro ka rubuta abin da ke damunka, jimla ɗaya. Sata kake tsoro? Man da ke ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba? Direban da ke ɗaukar lodin wani a motarka daga Tudun Hatsi? Ko kuwa wanda ka ba keke yana biyanka kaɗan-kaɗan ne kake gudun ya tsallake da shi Biu? Amsar ita za ta zaɓa maka na'ura. Mai tsoron sata yana buƙatar ƙarama mai ɓoyuwa, mai iya kashe inji daga nesa. Mai bin lissafin mai yana buƙatar wadda ke rubuta kilomita da lokacin tayar da inji. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan na biyun ya fi na farko saurin maido wa mutum kuɗinsa, domin sata sa'i-sa'i ce, mai kuwa kullum ake sha.

A kasuwa iri biyu za ka fi gani. Akwai wadda ake jona wa batirin abin hawa, ita ce ta mota, keke da babur. Akwai mai nata batirin da maganaɗisu, wadda ake manna wa janareta, injin ban ruwa a fadamar Dadin Kowa, ko a cusa cikin lodin buhuna. Wannan sai an riƙa cajinta, kuma iya yawan maganarta iya saurin shan cajinta. Masu arha yawanci 'yan China ne, irin su GT06 da TK103. Teltonika ta ƙasar Lituweniya ta fi tsada, ta kuma fi jure wahala. Farashi yana bin dala, saboda haka ba zan faɗi kuɗi ba.

Tambayoyin da za ka yi wa mai shago su ne waɗannan. Wutar nawa take ɗauka? Ƙananan motoci, keke da babur bolt 12 suke, tifa da tirela kuwa yawanci 24, to ka nemi wadda aka rubuta 9 zuwa 36 ko sama a jikinta. Tana da ɗan batirin ko-ta-kwana a ciki, wanda zai sa ta yi maka ƙara in an tsinke wayarta? In babu, ajiye masa abarsa. Tana ajiye bayani in sabis ya ɗauke, ta turo daga baya? Mai bin hanyar Dukku ko lungunan Balanga ya san amfanin wannan. 2G kaɗai take kamawa ko har da 4G? In aljihu zai iya, ɗauki mai haɗa biyun. Ta babur kuma sai ka tabbatar ruwa ba ya shigarta, ka duba ko an rubuta IP65 ko IP67, kuma tana yin barci in an kashe inji, in ba haka ba batirin Boxer ɗan mitsitsi ne, ajiyar 'yan kwanaki za ta tsotse shi.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda mutane ba sa yi: manhajar ta wa ce, nawa ake biya a shekara, kuma asusun da sunan wa za a buɗe? Wasu masu sakawa sukan zuba duk motocin abokan cinikinsu a babban asusunsu, su yanka maka ɗan gefe. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, kai da motarka kun shiga duhu. Ka tsaya kai da fata a buɗe da lambarka, kalmar sirri a hannunka. Wanda yake da yaro masanin kwamfuta yana iya ɗora Traccar, manhaja ce ta kyauta da ke karɓar na'urori iri-iri, ya riƙe komai a wurinsa.

Layi

A nan zan daɗe, domin nan aka kayar da ni. Kada ka zaɓi kamfanin layi saboda shi kake so. Tambayi direbobinka wanne ne ba ya ɗaukewa a hanyar da suke bi, MTN, Airtel ko Glo, sun fi kowa sani tunda su suke waya a kan hanyar. Ka yi wa layin rajista da NIN ɗinka kai mai kaya. Layin da aka yi da sunan direba ko na mai sakawa ba naka ba ne, kuma ranar da ya lalace ba za a sabunta maka shi ba sai da mai shi.

Ka sa layin a wayarka tukuna. Ka tabbatar yana kira, yana shiga intanet, ka cire masa lambar kulle ta PIN in yana da ita, domin tiraka ba ta da yatsun dannawa. Ka zuba masa abu biyu, data da kati. Datar da take ci a wata ba ta kai ta kallon bidiyon 'yan mintoci ba, saboda haka yawa ba shi ne abin nema ba, tsawon wa'adi ake nema. Mafi ƙanƙantar tsarin wata ya isa, in akwai mai dogon wa'adi ma ya fi. Katin kuma na tes ne, shi ne igiyarka ta biyu ranar da intanet ta ƙi. Ka kashe duk wasu tsare-tsaren waƙa da labarai masu zaftare kati a ɓoye. Sannan ka tuna layin da ya yi watanni ba a mora ba, kamfani yana iya rufe shi ya sayar wa wani.

Ka rubuta a littafi, ba a waya kaɗai ba: lambar mota, lambar layin da ke cikinta, lambar IMEI mai alƙaluma 15 da ke jikin na'urar, da ranar da data za ta ƙare. Ni na daidaita dukkansu rana guda, ran da nake biyan albashi, don kada in sake mantawa.

Saiti a kan tebur, kafin a taɓa mota

Kada ka bari a binne na'ura a cikin mota sannan a fara gwaji. Ku jona ta da batir a fili, inda take ganin sama, ku jira 'yan mintoci har fitilunta su nuna ta kama tauraro da sabis. Da tes ake ba ta umarni, kuma kowane iri da yarensa, saboda haka kada ka yar da 'yar takardar cikin kwali.

Abu na farko APN, wato ƙofar da take bi ta shiga intanet. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuma gloflat. A dangin GT06 ana tura APN, waƙafi, sunan ƙofar, a rufe da alamar #. Sai agogo. Da yawa sukan zo da lokacin China ko na GMT, alhali mu muna gaban GMT da awa 1, China kuma tana gabanmu da awa 7. Na taɓa kusan korar direba saboda rahoto ya nuna motarsa tana yawo ƙarfe 11 na dare, ashe ƙarfe 4 na yamma ne yana sauke ruwa a Pantami. A GT06 umarnin gyaran shi ne GMT,E,1,0#. In ka tura WHERE# za ta faɗa maka inda take, STATUS# kuma ya nuna lafiyarta.

Sai kalmar sirri. Masu arha da yawa da 123456 suke fitowa daga masana'anta, kuma haka ake barinsu. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gano na'urori kusan 600,000 da ke aiki da wannan lambar a duniya. Duk wanda ya san lambar layinka, ya kuma san wannan, yana iya ganin motarka, wani lokaci har ya kashe ta. Canza ta a ranar, ta na'ura da ta manhaja duka, ka kuma saita lambar wayarka a matsayin uwar ɗaki, wadda ita kaɗai na'urar za ta yi wa biyayya. Daga nan ka zaɓi tazarar rahoto: daƙiƙa 10 zuwa 30 in ana tafiya, mintoci masu yawa in an tsaya.

Ɗaurawa

Nemi rewaya wanda ka yarda da shi, ka kai masa motar da kanka, ba a tsakiyar gareji ana kallo ba. Ni gidan ruwa nake kiransa bayan la'asar in yara sun tashi. Ma'aikata su san akwai tiraka, amma ba dole su san inda take ba.

Yawancinsu wayoyi huɗu ne da su. Ja ta wuta ce, a ɗauko ta daga inda wuta ba ta yankewa ko an zare makulli, kuma a sa mata fiyus. Baƙa ta jikin mota ce. Ta uku, sau da yawa ruwan lemo, ana haɗa ta da wayar makulli don na'ura ta san an tayar ko an kashe. Wasu masu sakawa sukan tsallake ta saboda ganda, to ba za ka taɓa sanin tsawon lokacin da inji ya yi yana ci a tsaye ba. Ta huɗu, ruwan ɗorawa, ita ke zuwa rile mai katse famfon mai. A daure a yi wa mahaɗan dalma a naɗe da kyau. Murɗa waya da salatif kawai, ramukan hanyar ƙauye za su kwance shi cikin wata ɗaya.

Wurin ɓoyo yana da sharaɗi ɗaya da ba a karyawa: kada ƙarfe ya rufe ta ta sama. Sigina tana ratsa roba, gilashi da kujera, amma ba ta ratsa ƙarfe. Can cikin dashbod, bayan robobin gefe, ko ƙarƙashin robar babur duk sun yi, fuskar da aka yi wa alama tana kallon sama. A nisanta ta da inji da salansa. Zafin Gombe na Maris da Afrilu kaɗai ya ishi ɗan batirin cikinta, ina ga an ƙara masa na inji. Kuma kada a sa ta inda kowa ke sawa. Ɓarayin yanzu sun san ƙarƙashin sitiyari da gefen batir, nan suke fara laluba. A motar da ta fi tsada na sa biyu: ɗaya mai waya a inda mai nema zai samu ya ji daɗi, ɗaya mai batirinta a inda ba zan faɗa a nan ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an gama, ka hau da kanka ka zaga, daga Jekadafari ka bi ta Bolari ka dawo, wani yana riƙe da waya yana duba ko layin da ke taswira yana bin titi. Cire kan batir ka ga ko ƙara za ta shigo. A fili, mota tana tsaye, gwada kashe inji da saƙo, sannan ka gwada maido shi. Mutane sukan koyi na kashewa su manta na kunnawa, sai mota ta kwana a hanya.

Shinge da ƙararrawa

A manhaja za ka iya zana da'ira a taswira, in abin hawa ya shiga ko ya fita a sanar da kai. Ka zana ɗaya a inda motoci ke kwana, ɗaya kuma a iyakar yankin aikinsu. Kada ka matse ta. Na'urar da ke tsaye, musamman a ƙarƙashin rufin kwano, takan yi ta ɗan tsalle-tsalle a taswira, to da'irar da ba ta kai mita 200 ba za ta tashe ka da tsakar dare a banza. Haka in ta rasa tauraro takan kimanta wuri da ƙarfen sabis mafi kusa, kuskuren ya kai kilomita. Kada ka yanke wa kowa hukunci da ɗigo ɗaya, bi layin tafiyar gaba ɗaya.

Ƙararrawa uku sun ishe ka da farko: an tsinke wuta, an tayar da inji da dare, an fita shinge. In ka kunna duka goma sha, cikin mako guda za ka daina dubawa.

Mutane ba kaya ba ne

Ranar da na tara ma'aikata na faɗa musu na sa tiraka a motoci, dattijon cikinsu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya yi shiru sannan ya ce, "Alhaji, shekara nawa muna tare, yau kuma ɗan sanda ka sa min a mota?"

Na ce, "Baba, ba don ku na sa ba. In mota ta lalace muku tsakanin Kumo da Billiri da dare, ta ina zan fara nemanku?"

Bai ce komai ba, kuma na san bai gamsu ba. Sai da wani mai shago ya rantse ba a kai masa ruwa ba, na buɗe tarihin ranar, ga motar Baba ta yi minti 18 a ƙofar shagonsa. Tun daga nan shi yake tuna min in duba data.

Faɗa musu wajibi ne, ba alfarma ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sannan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin ya sanar da su dalili, ya tsaya iya buƙata, ya tsare abin da ya tara. Addini ma ya riga ya hana leƙen asirin mutane. Rubuta 'yar takarda da Hausa: me ake bi, wane lokaci, wa ke gani. Kowa ya karanta ko a karanta masa, ya sa hannu. Wasu na'urorin suna zuwa da ɗan makirufo na sauraron cikin mota. Ni cewa nake a cire shi.

Masu zagaye a ƙafa ko da abin hawansu, wayarsu ce tirakarsu. Mafi sauƙi shi ne raba wuri kai tsaye na WhatsApp, mai zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, kuma awa 8 ɗin ta yi daidai da yinin aiki, ta mutu da kanta. Google Maps ma yana da irinsa. In suna da yawa, gara ka saya musu wayar aiki ka sa manhajar bin sawu, su ajiye ta in an tashi. Wayoyin Tecno, Infinix da itel sukan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin caji, sai ka shiga saiti ka cire ta daga wannan takunkumin. Ka kuma sani akwai manhajojin da ke ƙaryar wuri, saboda haka rasit da kuɗin da aka kawo su ne shaidar farko. Bayan an tashi aiki, inda mutum ya je ba naka ba ne.

Kayan cikin sito

GPS ba ya ganin cikin ɗaki sosai. Manyan masana'antu da asibitoci sukan yi amfani da tambarin RFID da ake karantawa a bakin ƙofa, ko UWB mai gane wuri da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba, amma sai an kafa na'urorin karɓa a ginin, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin irinmu. Ƙananan maɓallan Bluetooth da ake maƙala wa kaya don a san inda suke, irin AirTag ko SmartTag, batirinsu yakan kai kusan shekara, sai dai da wayoyin mutanen da ke wucewa suke aiko labari. A cikin garin Gombe za su iya yin rana, a ƙauyen da babu mai iPhone kuwa AirTag kurma ne. An kuma ƙera shi ya tona kansa ga baƙon da yake tare da shi, ka ga ɓarawo ma zai ji.

In ta faru

Kada ka tara yara ku bi sawu da sanduna. Ka sanar da 'yan sanda nan take, ka je da takardun mota da lambar shasi, ka riƙa ɗaukar hoton taswira lokaci-lokaci saboda na'urar tana iya yin shiru kowane lokaci. Kada ka kashe inji mota tana gudu, ana iya rasa rai, wataƙila ma na direbanka in yana ciki. Na'urori da yawa ba sa ma karɓar umarnin sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa. Jira ta tsaya, ko ta iso kusa da shingen jami'an tsaro, ka kashe da saninsu.

Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan buɗe manhaja in bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ba inda suke nake dubawa ba, lokacin maganarsu ta ƙarshe nake dubawa. Wadda ta wuce yini ba ta ce uffan ba, a ranar nake tura mata STATUS#, in ta ƙi amsawa a kira rewaya kafin motar ta sake fita.